Tsohuwar Waya da Sabon Hoto: Daga Akwatin Rediyon Kano Zuwa Darasi ta Bidiyo

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma na zaɓi in ɗauko wani tarihi da ba kasafai muke kallonsa a matsayin tarihi ba, wato na wayar da ke bin bango.

Duk wanda ya zauna a ajin wata makarantar gaba da sakandare a ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan, zai iya tuna wasu ƙananan fararen akwatuna da ke manne a bango, ƙasa-ƙasa kusa da soket ɗin wuta, kowanne da ɗan rami mai kusurwa huɗu. Daga jikinsa wani farin bututun roba yake tasowa ya bi bango ya shige silin. A wata makaranta da na sani, wadda ba zan kama sunanta ba, zanzaro ne ya yi gini a cikin ramukan. Da na tambaya, wani ya ce min na tarho ne, wani kuma ya ce ragowar wata kwangila ce da ta mutu tun kafin a ɗauke mu. Sai daga baya wani ma'aikacin ɗakin kwamfuta ya fahimtar da ni cewa wayar haɗa kwamfutoci ce, an shimfiɗa ta shekaru da dama, aka yi bikin buɗewa, daga nan kowa ya kama gabansa.

Tambayar da ta tsaya min a rai tun ranar ita ce: shin wannan tsohuwar wayar za ta iya ɗaukar hoto mai motsi? Za a iya tsayar da malami a ɗaki ɗaya a gan shi a ɗakuna huɗu, ko a yi taro ido da ido da wani malamin da ke Kano ko Zariya, ba tare da an fasa bango an ba da sabuwar kwangila ba? Amsar a taƙaice ita ce za ta iya. Amma yadda aka kai ga hakan labari ne mai ɗan tsawo, kuma wani ɓangarensa a ƙofar gidanmu ya faru.

Mu fara da kalmar kanta. "Waya" aro ce daga Turanci, asalin ma'anarta siririn zaren ƙarfe. A ƙasar Haɗeja ta shigo da ƙarfinta ne tare da jirgin ƙasa. A 1930 aka kammala layin dogo da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa ya tiƙe a Nguru, domin kwasar gyaɗa da fatu da ƙiraga. Malam Madori ta zama tashar mutanen Haɗeja. Jirgin ƙasa kuwa ba ya tafiya sai da waya a gefensa, saboda dole shugaban wannan tasha ya sanar da na gaba cewa jirgi ya taso, don kada biyu su haɗu a layi ɗaya. To da yake an riga an kafa turaku, sai saƙon gwamnati da na 'yan kasuwa su ma suka bi irin wannan hanya. Daga nan muka samu gidan waya, da buga waya, da falwaya, da wayar tangaraho, da wayar tarho. Da aka zo da wadda ba ta da zare sai muka ce wayar iska. Yau ga shi muna riƙe da abin da babu ko taku ɗaya na zare a jikinsa, amma sunansa waya. Marubuci ya lura da wannan: Bahaushe bai jefar da tsohuwar kalma ba, sabon kaya ya riƙa ɗora mata. Injiniyoyi ma abin da suka yi wa zaren ke nan.

Misali na farko a Kano yake. A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan mulki suka buɗe rediyo mai waya a birnin, bayan sun yi irinsa a Ikko a 1935 da Badun a 1939. Tsarin mai sauƙi ne. Akwai tasha ɗaya mai babbar na'urar kamo shirye-shiryen BBC daga Landan. Ita za ta ƙara wa muryar ƙarfi ta tura ta cikin waya, wayar ta bi turaku ta shiga unguwanni. Mai hali ya yi hayar akwati ana biya wata-wata, talaka kuma ya je wurin taruwar jama'a inda aka rataye lasifika ya tsaya ya saurara. Akwatin ba shi da abin murɗa tasha. Kunnawa ne da kashewa da ƙara murya. Abin da tashar ta ga dama shi za ka ji, kuma wannan ya yi wa masu mulki daidai a lokacin da ba sa son kunnen jama'a ya kai Jamus. Duk da haka ta wannan waya ce Kanawa da yawa suka fara jin labarai da Hausa da kiɗan makaɗansu suna fitowa daga akwati, shekara goma sha uku kafin BBC ta buɗe sashenta na Hausa a 1957. Da ƙaramar rediyo mai batir ta yi arha, sai akwatin bango ya zama tarihi. Ku riƙe siffarsa a zuciya, murya ɗaya daga tushe ɗaya tana rarrabuwa zuwa kunnuwa dubu, domin za mu sake haɗuwa da ita a cikin kwamfuta.

Talabijin ta iso Nijeriya a Badun cikin Oktoban 1959, ta iso Kaduna a 1962 zamanin Sardauna. An riƙa yin shirye-shirye don makarantu, amma sai makarantar da ke da wutar lantarki kuma take kusa da na'urar watsawa. Yaron Guri ko na Kiri Kasamma bai san ana yi ba.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne maƙwabtanmu na Nijar. Lokacin da ƙasar ta samu 'yancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma ƙwararrun malamai sun yi ƙaranci ƙwarai. Gwamnatin Diori Hamani da taimakon Faransa sai ta yanke shawarar da ta yi kama da wasa: a koyar da 'yan firamare ta talabijin. A 1964 aka fara da ajujuwa ƙalilan a Yamai, daga baya suka kai 22, ɗalibai wajen 800. Ƙasar a lokacin ba ta da gidan talabijin na jama'a ko ɗaya. Wato a Nijar ɗan aji ɗaya ya riga minista kallon talabijin ɗin ƙasarsa.

Darussan gajeru ne, kowanne kimanin minti goma sha biyar, 'yan ƙalilan a rana. A cikin ajin kuma ba cikakken malami aka sa ba. Matasa ne da iyakar karatunsu firamare, aka ba su horo na ɗan lokaci, aikinsu su kunna akwati, in darasi ya ƙare su ja yara su maimaita, su yi wasan kwaikwayo da abin da suka gani, su yi rubutu. Matsalar wuta ta taso kamar yadda za ku yi zato, domin ƙauyukan babu lantarki, batir kuma yana cin kuɗi. A 1968 aka gwada kunna akwatin wata makaranta kusa da Yamai da farantin hasken rana. Ku duba shekarar da kyau. Solar da muke yi wa kallon baƙon jiya-jiya, an kunna talabijin da ita a ajin firamare a Nijar tun Nijeriya na cikin yaƙin basasa.

Waɗanda suka bibiyi shirin sun yaba da yadda yaran suka iya magana da Faransanci ba tsoro, da yadda suke son zuwa makaranta. Sai dai bai bazu ba. Tsofaffin malamai da masu duba makarantu ba su sake da shi ba, kuɗinsa daga waje yake zuwa, kuma da Faransawa suka miƙa shi a farkon shekarun 1970 nauyin ya yi wa ƙasar yawa. Ni abin da ya fi tsaya min shi ne harshe. Yaron da ya tashi da Zabarmanci ko Hausa a bakinsa, an kawo masa na'urar da ta fi kowace zamani a ƙasar, amma ba ta san harshen uwarsa ba. Ƙasar Kwaddibuwa ta kwaikwayi tsarin da girma daga 1971, ita ma ta rufe nata a farkon shekarun 1980.

To amma kayan ba su tafi a banza ba. Ɗakin ɗaukar shiri yana nan, na'urar watsawa tana nan, ga ma'aikata 'yan ƙasa da suka koyi riƙe kyamara da gyaran inji. A ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, a kan wannan gado aka tayar da gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel, wanda har yau mutanen Maraɗi da Damagaram suke kallon labarai da Hausa a cikinsa. Tsarin da aka gina don aji shi ya zama talabijin ɗin ƙasa baki ɗaya. A ƙasashen Hausa wannan ne misali mafi kusa da abin da nake tambaya a kai.

Yanzu bari mu tsallaka Amurka, domin can aka warware matsalar cusa hoto cikin siririyar waya. Kamfanin tarho na AT&T ya nuna wayar ganin fuska mai suna Picturephone a bajekolin duniya na birnin New York a 1964, shekarar da Nijar ta fara nata gwajin. A 1970 ya fara sayar da ita a Pittsburgh. Ta faɗi warwas. Tsada ta yi yawa, tana buƙatar ƙarin wayoyi na musamman, kuma wa za ka kira in kai kaɗai ne mai ita a unguwa? Hoto kaya ne mai nauyi. Hoton talabijin na da, in ba a matse shi ba, yana cin megabit 270 a kowace daƙiƙa, alhali layin tarho an gina shi ne don muryar mutum kawai.

Dabaru uku ne suka sauya lissafin, kuma babu wadda ta buƙaci a tone ƙasa.

Ta farko, a ƙarshen shekarun 1980 wani injiniya mai suna Joseph Lechleider da abokan aikinsa suka nuna cewa murya ɗan ƙaramin gefe kawai take ci a cikin wayar jan ƙarfe, sauran filin duk fanko ne. Kamar hanyar mota ce mai faɗi da jaki ɗaya ke bin bakinta. Suka cusa bayanai a wannan fili, abin da aka sani da ADSL. Burin farko ma shi ne a aika wa mutane fina-finai gida ta layin tarho. Sharaɗin shi ne tazara: in wayar ta wuce 'yan kilomitoci sai ƙarfin ya zube. Harabar makaranta kuwa gajera ce, don haka tsohon layin tarho na cikin gida yana iya yin aikin da ba zai yi a faɗin gari ba.

Ta biyu ita ce matse hoto. A 1992 a Jami'ar Cornell, wani ma'aikaci mai suna Tim Dorcey ya rubuta manhajar CU-SeeMe, wadda ta ba mutane damar ganin juna a kwamfuta ta layin da jami'ar take da shi tun da. Hoton ɗan ƙarami ne, fari da baƙi, da farko ma babu murya, sai dai ku riƙa kallon juna kuna magana ta tarho. Hikimar ita ce, in mutum yana zaune yana magana, bangon da ke bayansa ba ya motsi. Me zai sa a riƙa aika hoton bango sau da yawa a daƙiƙa? A aika leɓe da hannu da suka motsa, bango ya tsaya yadda yake. Mu masu rubutun labari mun san wannan. In ka siffanta ɗakin Hajiya a shafi na uku, ba ka sake lissafa kujeru da labule a kowane shafi, sai in wani ya fasa madubi. Da aka kai 2003 aka fito da ma'aunin matse hoto na H.264, hoton da ke cin 270 ya koma ana tura shi da megabit biyu ko uku.

Ta uku ita ce ta dawo da mu akwatin Kano. A ƙa'ida, in mutum ɗari suna kallon abu ɗaya a kwamfuta, kowa kwafinsa daban ake aika masa, kamar mai gayyar biki da ke bi gida-gida. Steve Deering, yana ɗalibi a Jami'ar Stanford a ƙarshen shekarun 1980, ya tsara yadda za a aika kwafi ɗaya tak, sai ya isa mararraba ya rabu zuwa ga waɗanda suka nema. Sanƙira ke nan a bakin kasuwa, faɗa ɗaya kowa ya ji. Da wannan ne jami'o'i a ƙasashe da dama suka riƙa tura tashoshin talabijin zuwa ɗakunan kwanan ɗalibai ta wayar kwamfuta, ba tare da sun ja wata wayar eriya ba.

Ita kuma waccan wayar da zanzaro ya toshe? Irinta an tsara ta ne ta ɗauki megabit 100, ma'aunin da aka fitar a 1995. A 1999 aka fito da hanyar tura megabit 1,000 a cikin irin wannan wayar dai, muddin tsawonta bai wuce mita 100 ba. Akwatunan da ke bakinta biyu kawai ake sauyawa. Ku kwatanta 100 ɗin ma da biyu ko ukun da hoto yake buƙata, za ku ga inda na dosa.

Mu a nan tafiyarmu ta bi ta wata hanya daban. NITEL, da aka kafa a 1985, layukan da take da su masu aiki ba su kai rabin miliyan ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari, kafin wayar salula ta shigo a Agustan 2001. Ba mu da wadataccen jan ƙarfe a ƙasa da za a ɗora wa intanet kamar yadda Turawa suka yi, ɗan wanda ke akwai kuma ɓarayi da 'yan jari-bola suka taimaka masa. Sai muka yi tsalle muka faɗa wayar hannu. Tsallen ya yi mana rana, ban musa ba, amma ya bar mu da wata ɗabi'a: komai sai an sayi data, ko da saƙon daga wannan aji ne zuwa na kusa da shi.

Jigawa ta yi nata yunƙurin da wuri. Zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka buɗe cibiyar koyon kwamfuta ta Informatics a Kazaure, aka kafa kamfanin sadarwa na Galaxy da burin kai intanet sassan jihar. Mutane da yawa sun yi ta tsegumi a lokacin, wai jihar da ke fama da ruwan sha ina ita ina intanet. A 2006 Gwamnatin Tarayya ta kafa Galaxy Backbone domin haɗa ma'aikatunta, Jigawa tana cikin masu hannun jari. A ɓangaren jami'o'i kuma, Gidauniyar MacArthur ta Amurka ta tallafa wa Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero wajen kwamfutoci da shimfiɗa layi, sannan a 2014 aka ƙaddamar da NgREN da tallafin Bankin Duniya, ya haɗa jami'o'in tarayya 27, kuma taro ta bidiyo yana cikin manyan abubuwan da aka yi alkawari. Shekarun nan ne suka bar mana yawancin fararen akwatunan da ke bangon makarantunmu. Kuɗin sayen kaya yana zuwa a dunƙule, a yanka kyalle a ɗauki hoto. Kuɗin man janareto da albashin mai kula da sauya akwatin da tsawa ta ƙona, wanda ake buƙata kowane wata, shi ne ba shi da uba.

Sai 2020 ta zo. A ƙarshen Maris aka rufe makarantu saboda korona, a watan Mayu Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta fara zama ta bidiyo. A nan dole in faɗi abin da bai goyi bayan maganata ba: a wannan lokaci wayar harabar makaranta ba ta tsinana komai ba, ko da tana aiki, domin ɗalibai suna gida. Abin da jihohin Arewa da dama suka koma wa shi ne darasi ta rediyo da talabijin, wato dabarar Yamai ta 1964. Amma a damunar wannan shekarar, da kuma ta 2022, da Kogin Haɗeja ya yi ambaliya ya yanke hanyoyi a yankunan Auyo da Kafin Hausa da Guri, mun ga ɗaya fuskar. Ɗalibi yana iya kasancewa a makaranta, malamin da ke zuwa daga Kano ko Dutse ruwa ya tare shi. Ko ba ambaliya, kwas nawa ne a ƙananan makarantunmu ke jiran malamin aro da sai ya samu sarari? A irin wannan hali layi ɗaya mai kyau daga waje ya isa. Shi zai shigo da malamin, tsohuwar waya ta raba shi ɗakuna, maimakon ɗalibi ɗari uku kowa ya ƙona datarsa yana ɗaga waya sama yana neman sabis.

Ba na cewa abin babu wahala. Wayar jan ƙarfe da aka ja daga gini zuwa gini abokiyar tsawa ce, kuma a ƙasa mai fadama irin tamu ruwa yana shiga mahaɗarta ya cinye ta, don haka tsakanin gine-gine gara a sa wayar gilashi, a bar tsohuwar ta yi aikin cikin ɗaki. Ɓera da gara su ma suna da nasu kason. Akwatin rarraba layi mai arha bai san dabarar sanƙira ba, yana iya watsa hoton ga kowace kwamfuta har layin ya shaƙe. Sannan a taron bidiyo mutane suna haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma ba sa haƙuri da murya mai yankewa, shi ya sa makirfo mai kyau ya fi babban allo muhimmanci, ko da yake allon ne ke fitowa a hoton bikin buɗewa. Duk waɗannan ƙananan kuɗi ne in an gwada su da sabuwar kwangila, kuma ina zargin ƙanƙantar tasu ce ta sa ba mai sha'awarsu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A ce gobe an share ramukan an kunna, me za a tura a ciki? Nijar ta samu na'ura da wutar sola tun 1968, amma darasin da Faransanci ya zo. Bayanin haɗa taki, ko lissafin filin noman rani, ko yadda famfon ban-ruwa yake aiki, a minti goma sha biyar da Hausar da ɗan Haɗeja zai gane, wani ne zai zauna ya rubuta shi kafin a kunna kyamara. A cikinmu masu rubuta labarin soyayya sun fi a ƙirga, Allah Ya ƙara basira, amma masu irin wannan rubutu ban cika cin karo da su ba.

Shi wancan ma'aikacin ɗakin kwamfuta, da na dame shi da tambaya, wata ranar Alhamis ya ce in biyo shi. Ya zaro tsinken tsintsiya ya kakkaɓe ginin zanzaron, ya hura ramin da baki, ya soka wayar kwamfutarsa. Ya aike ni wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda in kunna wani akwati da ƙura ta rufe. Kafin in dawo wata 'yar koriyar fitila tana ƙiftawa a gefen kwamfutar. Ya buɗe kyamara, ya tura wani ɗalibi ofishin da ke sama da tasa kwamfutar, sai ga fuskar yaron tar a gabanmu yana tambaya ko muna jin sa. Mun yi kamar minti shida muna gaisawa da wanda ke saman kanmu, sannan aka ɗauke wuta.